Reza da Gemu: Tarihin Ƙurajen Aski

Akwai wata cuta wadda ba ta kwantar da mutum, ba ta kuwa kisa, amma ta raba mutane da yawa da aikin da su ke ci da iyalinsu da shi. Ita ce ƙurajen aski, waɗanda su ke fesowa ƙarƙashin haɓa da gaban wuya kwana biyu ko uku bayan an aske gemu. Su kan yi ƙaiƙayi da zafi, waɗansu su tara mugunya, in sun warke kuma su bar baƙin tabo. Mutane da dama sun ɗauka ƙazanta ce ke kawo su, waɗansu su ce mugun jini ne, waɗansu kuwa su ɗora wa wanzami laifi. Tarihin cutar ya nuna abu biyu ne suka gamu suka haife ta, watau murɗaɗɗen gashi irin na baƙar fata, da al'adar aske gemu tas kowace safiya. Inda aka fi ganin wannan a fili shi ne ƙasar Amurka, musamman cikin rundunar sojanta, saboda haka can ne yawancin labarin nan ya faru.

Kafin zuwan reza

A ƙasar Hausa aski aikin wanzami ne tun kaka da kakanni. Ya kan rataya zabira ya bi gidajen waɗanda ya ke yi wa aski, ko ya zauna gindin inuwa a kasuwa. Ya jiƙa kai da ruwa, ya wasa aska, ya aske kai, sa'an nan ya yi gyaran fuska. Magidanci ya kan bar gemunsa, don sunna ne, kuma alamar girma ne. Ba a san wani aski na kowace safiya ba, sai bayan kwanaki in suma ta taru.

A ƙasashen Turai da Amurka ma kusan haka abin ya ke har ƙarshen ƙarni na 19. Askarsu doguwa ce mai naɗewa, garin Sheffield na Ingila ya yi suna wajen ƙera ta. Sai an wasa ta bisa dutse, an goga ta bisa fata, kuma wanda bai gwaninta ba ya kan yanke kansa. Don haka yawancin mutane wurin wanzami su ke zuwa, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Da yawa kuma ba su aski sam. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, shugaban ƙasa Abraham Lincoln mai gemu ne, haka kuma da yawa daga manyan jarumawan ɓangarorin biyu.

Wannan yaƙi shi ne ya kawo ƙarshen bauta a Amurka a 1865. Waɗanda aka 'yanta jikokin mutanen da aka kwasa daga Afirka ne, da yawa daga Afirka ta Yamma. Harshe ya ɓace musu, suna ya sake, amma gashinsu ya na nan irin na kakanninsu, murɗaɗɗe mai nannaɗewa. Su ne wannan cuta ta fi addaba sa'ad da zamani ya juya.

Mutumin da ya kai aski cikin gida

Wanda ya juya zamanin wani ɗan kasuwa ne mai yawon talla, sunansa King Camp Gillette, an haife shi a 1855. A 1895 dabara ta zo masa, ya ce me zai hana a yi 'yar siririyar reza mai arha, a ɗaura ta bisa mariƙi mai kare fata, in ta dakushe a yar a sayi wata. Maƙera suka ce ba shi yiwuwa a yi ƙarfe da sirantaka haka ya kuma yi kaifi. Ya sha wahala shekara shida, har ya sami wani gwanin injuna mai suna William Nickerson ya warware masa matsalar. Suka kafa kamfani a birnin Boston a 1901.

Ciniki bai fara da ƙarfi ba. A 1903 mariƙi 51 da reza 168 kaɗai suka sayar. Amma a 1904 mariƙin da suka sayar ya wuce 90,000. Mutum ya sami ikon yi wa kansa aski a ɗakinsa, ba tsoron yanka, ba jiran layi wurin wanzami. Da abin ya zama da sauƙi, sai aka fara ganin wanda bai yi aski yau ba kamar malalaci ne.

Yaƙi ya mai da al'ada doka

A watan Afrilu na 1915, cikin Yaƙin Duniya na Farko, Jamusawa suka saki hayaƙi mai guba bisa abokan gabansu a ƙasar Beljiyam, mutane da yawa suka halaka. Daga nan kowane soja aka ba shi takunkumi mai tace numfashi. Shi wannan takunkumi ba ya amfani sai ya manne da fata sosai, gemu mai kauri kuwa ya kan bar kafar da guba za ta shiga. Ga kuma ƙwarƙwata da ta dami sojoji cikin ramuka. Saboda haka da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, sai aski ya zama wajibi ga sojanta. A 1918 kamfanin Gillette ya ba rundunar mariƙi wajen miliyan 3 da rabi, da reza fiye da miliyan 30.

Baƙaƙen Amurka fiye da 350,000 suka yi aikin soja a wannan yaƙi, a Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sun wuce miliyan 1. Da aka gama yaƙi sojoji suka koma gida da rezarsu da sabon halinsu. Ofisoshi da bankuna da kantuna da 'yan sanda duk suka ɗauki fuska mai santsi alamar tsabta da ladabi. Wanda ya zo neman aiki da tsiron gemu, sai a dube shi a yatsine.

Ga Bature mai miƙaƙƙen gashi, wannan doka 'yar ɗawainiya ce ta minti biyar. Ga baƙin mutum kuwa ta zama azaba. In ya yi aski ƙuraje su feso, gobe ya sake bi ta kansu da reza su fashe su yi jini, jibi waɗansu sababbi su fito. Da yawa suka koma ga wani garin magani wanda a ke sayarwa a Amurka tun farkon ƙarni na 20. A kan dama shi da ruwa a shafa, ya narkar da gashi, a kankare da abu marar kaifi. Ya na rage ƙuraje, amma ya na da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in kuwa ya daɗe a fuska sai ya ƙona fata.

Likitoci sun gano asali

Da daɗewa likitoci su na ganin cutar su na ɗauka ƙwayoyin cuta ne suka shiga ramin gashi. Sai a 1956 waɗansu likitocin fata biyu na birnin Filadelfiya, John Strauss da Albert Kligman, suka bincika ta sosai, suka bayyana yadda ta ke aukuwa. Suka ba ta wani suna wanda ma'anarsa ita ce kumburin ramin gashi na ƙarya, domin ta yi kama da ciwon da ƙwayoyin cuta ke kawowa, alhali gashin mutum ne da kansa ke sukarsa.

Ga yadda abin ya ke. Kowane silin gashi daga cikin wani ɗan rami ya ke tsirowa. Ramin gashin baƙin mutum a lanƙwashe ya ke, shi ya sa gashin ke fitowa ya na nannaɗewa. Reza ba ta yanke gashi daidai kamar an sare kara, ta kan fiƙe shi ne a karkace, ta bar masa tsini kamar mashi. Da ya ƙara tsawo kaɗan, sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ke kusa da shi ya shige. Wannan ita ce hanya ta farko. Hanya ta biyu kuwa, in an ja fata an yi aski ƙasa ƙwarai, da an saki fatar sai guntun gashin ya nutse cikin raminsa. Sa'ad da zai tsiro ba ya samun ƙofa, sai ya huda bangon ramin daga ciki.

Ko ta wace hanya ya shiga, jiki ba ya gane nasa ne. Ya kan ɗauke shi kamar sartse ko ƙaya, ya tara masa kumburi da mugunya don ya fid da shi. Kumburin nan shi ne ƙurjin. Ƙwayoyin cuta su kan shiga daga baya, in an yi ta susa ko matsa. Don haka cutar ba ta yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma yawan wanka ba ya hana ta.

Dalilin da ya sa wuya ya fi shan wahala kuwa shi ne, gashin wuya a kwance ya ke fitowa, kusa da fata, kuma ba gefe ɗaya ya ke fuskanta ba. Wani ya yi ƙasa, wani ya yi sama, wani ya yi gefe, wajen maƙogwaro ma ya kan yi juyi. Fatar wurin kuma sake-sake ce mai naɗewa, ga gumi, ga wuyan riga ya na gogarta yini zubur. Mai aski kuwa ya kan ja reza daga ƙasa zuwa sama a tafi ɗaya, ya saɓa wa kwanciyar rabin gashin bai sani ba.

Binciken ya nuna kuma in an bar aski, gashin da ya shige ya kan ƙara tsawo har ya fizge kansa ya fito, ƙurji ya lafa. Gemu ya na yin kimanin santimita 1 a wata, kuma kusan wannan tsawon a ke bukata. Ashe magani ya na hannu tun 1956. Abin da ya rage shi ne masu doka su yarda.

Soja tsakanin likita da hafsa

A watan Yuli na 1948 shugaba Harry Truman ya ba da umurni a daina ware baƙi da farare cikin soja. Suka shiga bariki ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya, har da dokar aski. Amma doka ɗaya ba ta faɗa wa fata biyu daidai ba. Ƙididdigar da likitocin soja suka yi cikin shekarun 1970 ta nuna tsakanin 45 da 83 daga cikin kowane baƙin soja 100 su na da ƙurajen nan, alhali a cikin farare kaɗan ne ƙwarai.

A zamanin yaƙin Biyetnam abin ya zama sanadin husuma. Likita ya kan ba soja takardar izinin barin aski, a yarda masa ya bar gashi wanda bai wuce rubu'in inci ba. Amma hafsan da bai taɓa yin ƙurji ba sai ya ga kamar taurin kai ne, ko neman dalilin ƙin bin umurni. Baƙin soja shi kuma ya ga ana hukunta shi ne saboda halittarsa. Aka hori waɗansu, aka danne wa waɗansu ƙarin girma, waɗansu ma aka sallame su daga aiki. Wanda ke tsoron haka sai ya daure ya yi ta aski bisa ƙuraje, har fatar wuyansa ta yi kauri da tabo.

A watan Nuwamba na 1970 shugaban sojan ruwa, Adimiral Elmo Zumwalt, ya ba da izini kowane ma'aikacin jirgi ya bar gemu muddin zai gyara shi. Masu ƙuraje suka sami sa'ida shekara 14. A watan Disamba na 1984 wani shugaban, Adimiral James Watkins, ya soke izinin, aka koma aski daga farkon 1985. Daga nan sai mai takardar likita kaɗai ke da ikon barin gashi.

Magana ta kai gaban alƙali

Ba cikin soja kaɗai aka yi wannan ja-in-ja ba. Cikin shekarun 1980 wani baƙin mutum mai suna Langston Bradley ya sami aiki a jihar Nebraska, ya na kai wa mutane abinci gidajensu daga kantin Domino's. Dokar kamfanin ta hana gemu, shi kuwa ya ce ƙuraje sun hana shi aski, sai aka kore shi. Ya kai ƙara. Kamfanin ya kawo hujja cewa ya tambayi masu saye, har wajen 20 cikin 100 ba su son mai gemu ya kawo musu abinci. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta ce son ran masu saye bai isa hujjar dokar da ta fi cutar da baƙi ba, lalle ne kamfanin ya keɓe waɗanda likita ya tabbatar ba su iya aski. A 2000 kamfanin ya janye hanin gemu.

A wannan shekara ta 1993 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wata shari'a wadda ta saɓa da wannan. Waɗansu baƙaƙen 'yan kwana-kwana na birnin Atlanta masu ƙurajen aski suka yi ƙarar hukumar birnin don ta tilasta musu aski. Kotu ta ba birnin gaskiya, domin mai shiga cikin gobara ya na sa takunkumin numfashi, in kuwa hayaƙi ya sami kafa ransa ne a bakinsa. Shari'un nan biyu sun raba tsakanin dokar da aka yi don kyan gani da wadda aka yi don tsare rai.

Sababbin reza da sabon ilmi

Masu ƙera reza ba su tsaya ba, kullum burinsu aski ya ƙara santsi. A 1931 Jacob Schick ya fara sayar da injin aski na lantarki. A 1971 kamfanin Gillette ya fito da reza mai baki biyu, a 1998 mai baki uku, a 2006 mai baki biyar. Dabarar ita ce bakin farko ya ɗan jawo gashin waje, na bayansa ya yanke shi kafin ya koma, sai guntun ya nutse ƙarƙashin fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne. Ga mai murɗaɗɗen gashi kuwa ita ce hanya ta biyu da aka ambata, wadda gashi ke huda ramin daga ciki. Abin da aka sayar da sunan ci gaba sai ya zama ƙarin wahala ga waɗansu.

Ilmi shi ma ya ƙaru. A 2004 waɗansu masana a Jamus suka gano akwai wani gado a jikin waɗansu mutane wanda ke raunana bangon ramin gashi, mai shi kuwa ya fi saura saukin kamuwa wajen ninki 6. Wannan ya bayyana dalilin da za a ga mutum biyu masu gashi iri ɗaya, wanzaminsu ɗaya, ɗaya ya na fama ɗaya lafiya lau.

Cikin shekarun 1990 kuma aka fara kashe saiwar gashi da wani haske mai ƙarfi da a ke kira leza. Irin na farko ya kan ƙona baƙar fata, amma daga baya aka sami wanda ke ratsa ta ya isa saiwar. A 2002 likitocin sojan ruwa a San Diyego suka nuna ya na rage ƙuraje ƙwarai ga baƙaƙe. Sai dai ya na da tsada, sai an yi ta maimaitawa, kuma gashin da ya kashe ba lalle ya dawo ba.

Duk da wannan ilmi doka ba ta zauna wuri ɗaya ba. A watan Oktoba na 2019 sojan ruwan Amurka suka daina ba da takardar izini ta dindindin. A watan Maris na 2022 suka sassauta, suka ce ba za a sallami mutum don magani bai yi masa aiki ba. A watan Agusta na 2025 ministan tsaro Pete Hegseth ya ba da umurni cewa sojan da ya shekara ana yi masa magani bai iya komawa aski ba, a shirya sallamarsa. A Ingila kuwa sojan sama sun halatta gemu a 2019, sojan ƙasa suka bi su a watan Maris na 2024. Ƙasashe biyu masu ƙawance, cuta ɗaya, kowace ta kama hanyarta.

Abin da tarihin ya koyar

Ƙurajen aski ba su san iyakar ƙasa ba. Duk inda mai murɗaɗɗen gashi ya ɗauki reza su na iya samunsa, ko a Atlanta ko a Kano. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da likitoci suka tattara cikin shekarun nan.

Wanda ƙuraje suka riga suka kama, maganinsa na farko shi ne ya ajiye reza wajen mako 4, in sun yi tsanani har wata 2 ko 3. Kwanakin farko su kan zama kamar sun ƙaru, kada wannan ya karya masa zuciya. Kowace rana ya jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ya dafa wurin minti kaɗan, sa'an nan ya goga a hankali da tawul ko buroshi mai taushi, ya na kewayawa, don gashin da ke shirin shigewa ya tashi. In ya ga silin da ya yi lanƙwasa ya shige, ya ɗauki allura wadda aka tafasa ko aka goge da barasar asibiti, ya zura ƙarƙashin lanƙwasar ya ɗago bakin gashin kawai. Kada ya tuge shi da matsefata, domin wanda zai tsiro a madadinsa daga can ƙasa zai huda fata. Kada kuma ya haƙa fata neman gashin da ba ya gani.

Bayan ya warke, abin da ya fi masa shi ne ya bar gemu, ko ya riƙa rage shi da almakashi ko injin aski, ya bar tsawon milimita 1 ko fiye, watau abin da bai kai ƙwayar gero ba. Wannan ɗan tsawo shi ne ke hana tsinin gashi komawa cikin fata.

Wanda kuwa aikinsa ya tilasta masa aski da reza, to, ya fara sanin kwanciyar gashinsa. Ya bar shi kwana biyu, ya shafa wuyansa da yatsa, gefen da ya ji santsi nan gashin ya kwanta. Kafin aski ya jiƙa wurin da ruwan ɗumi wajen minti 5, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi taushi, tsininsa kuma ba ya kai na busasshe. Ya sa kumfa sosai. Ya yi aiki da reza mai baki ɗaya, mai kaifi, don dakusasshiya jan gashi ta ke yi. Ya bi inda gashi ya kwanta, da gajeren ja, ba dannawa. Kada ya ja fata da ɗaya hannun, kada ya ɗaga haɓa har wuya ya miƙe tsam, kada kuma ya maimaita wuri ɗaya. In ya gama ya wanke da ruwan sanyi, ya shafa mai marar turare. Ya kuma guji riga mai matse wuya. Mai son garin nan ko man da ke narkar da gashi, ya fara gwada shi a ɗan wuri, kada ya wuce lokacin da aka rubuta, kada kuma ya sa shi bisa rauni.

In ƙuraje sun yi mugunya, ko sun ƙi lafawa, sai a tafi asibiti. Likita ya na da man shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta, irin su kilindamaisin da benzoyil feroksayid, da mai kwantar da kumburi irin haidirokotizon wanda a ke shafawa kwanaki kaɗan, da tiretinoyin mai rage kaurin fata. Wanda wurin aikinsa ke matsa masa, ya roƙi likita takarda. Abin da ya wajaba a guje masa shi ne shafa man birki, ko ruwan batir, ko baƙin mai, ko man bilicin. Waɗannan su na ƙona fata ko su ɓata ta, su bar tabon da ya fi ƙurjin muni. Haka kuma kada mutum biyu su yi tarayya a reza ɗaya, kuma a tabbata wanzami ya sa sabuwa ko ya tsabtace askarsa sosai, domin ciwon hanta da ƙanjamau su na bin jini, ko da ƙurajen kansu ba su yaɗuwa.

Akwai kuma waɗansu ƙuraje masu tauri da ke fitowa a ƙeya, inda a ke yi wa suma iyaka. Su wata cuta ce dabam, ko da ya ke askin ƙasa-ƙasa da gogar wuyan riga su na tsananta ta. In an ƙyale su su kan haɗe su zama tudun tabo wanda gashi ba ya sake tsirowa a kai. Mai su ya daina sa reza a ƙeya, ya nemi likita tun su na ƙanana, don icce tun ya na ɗanye a ke tanƙwara shi.

Daga 1903 da aka sayar da reza 168 zuwa umurnin 2025, shekara 122 ke nan. An sake reza sau da yawa, an sake doka, alƙalai sun yanke nan sun yanke can, amma gashin baƙin mutum bai sake halinsa ba. In an fiƙe shi aka yanke shi ƙasa, zai juyo ya soki mai shi. In an bar masa ɗan tsawo, zai zauna lafiya. Ya kamata mai aski ya san wannan don ya tsare fatarsa, shugaban da ke kafa wa ma'aikata doka shi ma ya san shi, don kada ya ɗauki cuta a matsayin rashin ladabi ya raba mutum da abincinsa.